Orval Tackett da Neman Kube

Orval Tackett ba ya tashi daga kujera sai ya fara danna gwiwar hannunsa ta dama a ƙugu. Dannawa ɗaya, a hankali, sannan ya ja bakin rigarsa ƙasa, sannan ya miƙe. In akwai gilashi kusa, na taga ne ko na firijin lemo, sai ya juya gefe ya dubi kansa kamar mace mai ƙaramin ciki da ba ta so a gane. Wai duk don kada kowa ya san yana ɗauke da bindiga a ƙarƙashin riga. Har mai kawo wasiƙu ya sani.

Mijin ƙanwata Nadine ne, shi ya sa na san shi fiye da yadda na nema. Gireda ya tuƙa wa hukumar hanyoyi ta gundumarmu har ya yi ritaya, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, hanyar da ya gyara takan daɗe ba ta yi rami ba. Da ya tsaya nan, da abin da zan rubuta gajere ne.

A nan gabashin Oklahoma bindiga ba labari ba ce. Tawa tana aljihun gaban mota tare da tocila da takardun inshora, nakan manta da ita har sai na je neman tocilar. Haka yawancinmu. Orval ne kaɗai ya mai da abin sana'a bayan ya ajiye aiki. Ya sayi ƙaramar bindiga, ya karɓi lasisi, ya shiga karanta mujallu. A gidan abincin Dot, inda muke shan kofi da safe, ya canza wurin zama, ya koma lungu, bayansa a bango, fuskarsa na kallon ƙofa. Ƙofar da yake gadi, ba mai shigowa ta cikinta sai mu da muka san shi tun yana da gashi, sai direban motar burodi. Dot ta raɗa masa Sarkin Yaƙi. Ya ɗauka girmamawa ce.

Damuwarsa ɗaya ce a duniya, kuben da zai zuba bindigar ya yini da ita a jiki ba ta dame shi ba, ba kuma a gani ba. Allah ya yi wa Orval teɓa. Ban taɓa jin ya ambace ta ba a duk shekarun nan.

Kuben farko na fata ne, ana cusa shi cikin wando ta bayan ƙugu. Sabuwar fata tana kuka. A coci duk lokacin da aka miƙe za a yi waƙa, sai ka ji kube ya riga mu ɗaukar baiti. Hoyt Pruitt, makanikin garinmu da ke zama bayansa, ya sunkuyo ya tambaye shi ko sirdi ya haɗiye. Orval ya ce fata sai ta saba da mutum. Ya shafa mata mai, ya barbaɗa mata hoda, ya tura ta ƙarƙashin katifa. Ba ta saba ba.

Na biyu na roba ne mai tauri, wanda ake sakawa a gaba, ƙasan cibiya. Mujallar ta ce shi ƙwararru ke sawa, ga hoton wani saurayi mai ciki kamar faranti. A jikin Orval, in ya zauna teɓa ta danne kan bindigar, bakinta kuma ya kalli inda namiji ba ya so a kalla.

"Tackett, mun san ka gama haihuwa," in ji Hoyt, "amma ka tausaya wa Nadine mana."

Orval ya yi masa bayani mai tsawo kan yadda aka rufe kunamar bindigar, bai kuwa ga Dot ta juya baya tana dariya cikin tawul ba. Da wannan kuben ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure igiyar takalmi. Bai bar kuben ba. Takalmin ya canza.

Daga nan aka koma na hammata, mai igiyoyi kamar linzami, wanda dole sai an ɗora kwat a kai. A watan Agusta ne, kwalta na narkewa, Orval ya shigo cikin kwat yana yoyon gumi, Dot ta tambaye shi jana'izar wa aka yi ba ta ji ba. Sai na idon sawu, wanda ya sa shi ɗingishi har likita ya fara maganar hoton ƙashi. Sai na aljihu, wanda ya sa wandonsa ya rinjaya gefe guda. Ya sayi wanduna da suka fi shi faɗi, da bel mai kauri kamar na injin niƙa, da manyan riguna masu furanni, irin na masu zuwa bakin teku, a garin da ba shi da ko tafki mai kyau. Kuben da aka gaji da shi sai a jefa a kwali. Kwalin takalmi ne da farko. Daga baya Nadine ta ba shi kwalin injin wanki.

Kowane kube da laifinsa. Wannan ɗinkin banza, wancan mai yin sa bai san jikin mutum ba. Ni dai ina shan kofina.

Duk wannan wasa ne da ba ya cin kowa, har sai da ya kai ga Renae.

Renae ita ce 'yarsu tilo. Ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa a Muskogee, tana zaune can da mijinta Dwayne da 'yarsu Tessa. Kada a ɗauka tsoron bindiga take. Ta harbi barewarta ta farko tun ba ta gama firamare ba, kuma in aka jera gwangwanaye a kan shinge, ita ke gamawa ubanta yana gyara tabarau. Sai dai ta ga abubuwa a wurin aikinta da ba ta kawo su teburin abinci. Da Tessa ta fara tafiya tana jan duk abin da hannunta ya kai, Renae ta tari ubanta a bakin ƙofa, ta ce masa cikin ladabi daga yau bindiga ba ta shiga gidanta, ya kulle ta a mota.

Nadine ta gaya mini abin da ya ce a hanyar komawa gida. Bai yi fushi ba. Ya daɗe yana tunani, sannan ya ce, "Ganin ta ta yi. Rigar nan ta matse ni."

Tun daga ranar abin ya zama gasa, amma shi kaɗai ya san ana yi. Duk Lahadi bayan coci sukan shiga a-kori-kurarsa su tafi Muskogee. Renae takan fito ta rungume shi a bakin ƙofa, runguma mai tsawo, hannunta na zagaya ƙugu, ya hau hammata. Wani lokaci ta kalli ƙafar wandonsa. Sai ta ce, "Baba, mota." Ya juya ya je ya kulle, ya dawo ya zauna kusa da taga yana leƙen motar kamar ya bar jariri a ciki. Kafin a sha kofi ya fara duba agogo.

Yarinyar kuwa tana son sa, ban san me ta gani ba. Da ta ji muryarsa sai ta taho da gudu tana kiran Kaka. Yakan kwaikwayi ƙarar gireda da baki, ya tura ta a kan kafet tana ƙyalƙyala dariya. A waɗannan lokutan in ka dube shi sai ka ce mutum ne mai hankali. Yana son ta, wannan ba na shakka. Yakan ɗauki hotonta a walat ya nuna wa mutanen da suka riga suka gani.

Sau ɗaya na sa baki. Muna tsaye a gidan mai, na ce, "Orval, yarinyar nan ba cewa ta yi kada ta gani ba. Cewa ta yi kada ka shigar mata da ita."

Ya dube ni da tausayi. "Virgil, irinku ne ake karanta labarinku a jarida."

Na biya kuɗin maina na tafi.

Wajen ƙarshen kaka wata safiya ya shigo gidan Dot yana tafiya daidai, ba ɗingishi, ba kuka, ba kwat. Ya tsaya gaban Hoyt ya buɗe hannu ya ce ya rungume shi. Muka ɗauka likita ne ya faɗa masa wani abu. Hoyt ya ajiye cokali, ya miƙe, ya rungume shi sosai har da bubbuga baya. Orval ya ja baya yana murmushi ya tambaye shi ko ya ji wani abu.

"Na ji albasa," in ji Hoyt. "Kai, tsoho, mutuwa za ka yi ko iskanci ne?"

Ya je lungunsa ya nemi ƙwai. Daga baya muka san mene ne. Wata ɗamara ce mai faɗi, mai talewa, da aljihu a gaba, ana ɗaura ta can ƙasa a cikin wando, inda teɓa ke saukowa ta rufe. Ya kuma sayi wata bindigar da ta fi ta da ƙanƙanta. A karo na farko teɓar ta yi masa aiki.

Ranar Godiya, bikin da dangi ke haɗuwa su ci abinci a ƙarshen kaka, a gidan Renae aka yi, ni ma an gayyace ni, tunda matata ta rasu ba a bari in ci ni kaɗai. Tare muka tafi. A bakin ƙofa Renae ta rungumi ubanta kamar kullum, ƙugu, hammata, ta kalli ƙafa. Sai ta ɗaga kai ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, ta sumbaci kumatunsa ta ce, "Na gode, Baba." Ya shafa kanta. Da ta juya sai ya ƙifta mini ido. Na ɗauka murna yake an yabe shi.

An ci talotalo, da dankali, da burodin masara, da koren wake, da kek ɗin kabewa. Orval ya ci, ya ƙara, ya sake ƙarawa don kada Dwayne ya ji ba a yaba girkinsa ba. Can na ga yana mutsu-mutsu a kujera, goshinsa na tsattsafo da gumi, yana numfashi sama-sama. Ya nemi izini ya shiga banɗaki. Ya jima.

Wanda ya san irin ɗamarar nan ya san ba a zama da ita a wurin. Dole a kwance. In an kwance kuma sai an sami inda za a ɗora, kuma abin da ke kusa shi ne murfin tankin ruwa, a bayan mutum, inda ido ba ya kai.

Ya fito sakayau, fuska a sake. Shekaru ban ga ya zauna irin zaman da ya yi a doguwar kujerar nan ba, ya baje, ya miƙe ƙafa, ana ƙwallo a talabijin. Ya ɗora Tessa a kan cikinsa yana yi mata gireda. Bai dubi agogo ba, bai leƙa taga ba. Nadine ta kalle ni ta yi murmushi, wai ga shi an samu lafiya.

Tessa ta cika shekara uku a lokacin, ta koyi zuwa banɗaki da kanta, ba ta yarda a raka ta. Ta sauka ta tafi. Da ta dawo, tana jan ɗamarar a ƙasa da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ta rungume aljihun a ƙirjinta don ya yi mata nauyi. Kan bindigar ya leƙo, 'yan yatsunta a kai.

"Kaka ya manta bel ɗinsa," in ji ta.

Ba wanda ya motsa sai Renae. Ba ta yi gudu ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta taka a hankali, ta durƙusa, ta ce, "Yauwa 'yar Mama, kawo nan. Kin kyauta." Ta karɓa. Ta ce wa Dwayne ya kai yarinyar waje ta ga kare. Sai da ƙofa ta rufu sannan ta zare bindigar, ta cire gidan harsashi, ta ja saman bindigar baya. Harsashi ɗaya ya faɗo a kan kafet. A ɗane take. Mujallu sun ce haka ƙwararru ke ɗauka.

Akwai abubuwa da yawa da mutum zai iya faɗi a irin wannan wuri. Zai iya yin shiru ma. Orval ya gyara zama ya ce, "Ai ba ta tashi sai an ja kunama."

Renae ta ɗauko hularsa daga maratayi ta miƙa masa.

"Baba, duk ranar da kake son ganin Tessa, ƙofa a buɗe take. Amma ba a mota za ka bar ta ba, a gida. Mama ta kira ni ta ce ga ta nan a kulle ta gani da idonta, sannan ku taso."

Ta ba ni bindigar da harsasan a ledar burodi, ta ce, "Kawu, riƙe har ku isa."

Muka kama hanya. Nadine na kallon gonaki ta taga, ni ina baya da leda a cinya. Mun kusa gadar kogi Orval ya yi gyaran murya. Na ce a raina to, ga shi nan, ya zo.

"Ɗamarar nan ce," in ji shi. "Da kube ne na kirki, ai ba sai na cire ba."

Nadine ba ta juyo ba.

Daga nan ita kaɗai ke zuwa Muskogee ranar Lahadi. Wani lokaci ta tuƙa kanta, wani lokaci in kai ta. Orval yakan rako ta har bakin mota, ya ba ta saƙon alewa ko 'yar motar wasa, ya tsaya yana kallo har mu sha kwana. Abin da aka nema a wurinsa bai fi ya buɗe akwati ya saka bindigar ya rufe ba. Ya ce hanyar Muskogee ita ce ma inda mutum ya fi bukatar kariya. Ya ce shi ba zai fita tsirara ba. Ya ce wata rana za su gode masa. Kirsimeti ta zo ta wuce. Da farko Tessa takan leƙa bayan kakarta ta tambayi ina Kaka. Daga baya takan karɓi alewar kawai.

A gidan Dot an daina tsokanarsa. Ba wanda ya shirya hakan. Dot ta koma kiran sa Orval, ta zuba masa kofi ta wuce. Shi kuma ya gaya wa Hoyt cewa yanzu mutane sun fara ɗaukar maganarsa da muhimmanci.

Cikin sanyin nan ne ya gano bakin zaren, a cewarsa. Duk masu yin kube ramammu ne, ba su san jikin cikakken mutum ba, don haka shi zai ɗinka nasa. Ya sayo fatar sa mai kauri, da basilla, da zare mai kaki, ya je wurin wani tsohon baduku mai gyaran sirdi ya yini yana damunsa da tambaya. Ya share teburin garejinsa. Dabararsa ita ce kube mai maɗauri nasa daban, wanda zai zauna daram a jiki ko an sauke wando, ta yadda ba za a taɓa bukatar cire shi ba, ko a banɗaki. In ya gama zai kai wa Renae ta gani da idonta cewa an gyara matsalar. Da gaske yake. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini.

Ya ɓata fata ba kaɗan ba. Yakan jiƙa ta, ya naɗe bindigar a leda, ya kifa fatar a kai, ya bi da bayan cokali yana dannawa har siffar ta fito. In ta bushe ya gwada, ya zauna, ya tashi, ya sunkuya, ya ce a'a, ya yanko wata. Da bikin zagayowar haihuwar Tessa ya matso, Renae da kanta ta kira shi. Nadine na tsaye kusa, ta ji abin da ya ce: ta ƙara masa haƙuri kaɗan, ya kusa gamawa. Renae ta tambaye shi gama me. Ya fara yi mata bayanin maɗaurin. Ta saurara har ya kai aya, ta ce ya gaida Mama.

Na leƙa shi sau ɗaya a garejin. Ya ɗaga mini na ƙarshen, wanda ya ce shi ne. Ya tambaye ni yadda na gani. Na ce ɗinkin ya miƙe. Ya miƙe kuwa. Hannun Orval bai taɓa zama matsalarsa ba.

Ya rasu da bazara, wata Lahadi da rana. Nadine ta dawo daga Muskogee ta same shi a kujerar garejin, tabarau a hanci. Likita ya ce zuciya ce. An cika cocin, don an san shi, kuma fasto ya yi magana mai kyau a kan hanyoyi. Renae ta zo, ta yi kuka sosai, ta fi uwarta kuka. Tessa ta tsaya gaban hotonsa da aka jingina kusa da furanni, ta daɗe tana kallo, sannan ta ja hannuna ta tambaye ni ko wannan ne Kakan da ya manta bel. Na ce shi ne.

Bayan an watse da 'yan kwanaki Nadine ta roƙe ni in kwashe mata kayan garejin. Kwalin injin wankin na kai wa Hoyt, ya ce zai ga ko akwai masu so. Wanda ke kan tebur ban taɓa ba, ita ma ba ta ce in taɓa ba. Yana nan a matse tsakanin katakai biyu yadda ya bar shi. Gefe ɗaya an ɗinke shi tsaf har ƙasa. Ɗaya gefen an huda ramukan a jere, zare ya shiga kaɗan daga ciki, allura na reto a bakinsa.